Bin sawun tsirran bakin ruwa daga sama: abin da aikin mangurob zai koya wa mai nazarin tabkunan Tawa

Tambaya ta zo mini daga Tawa, daga wani matashi ma'aikacin gandun daji da ke shirin rubuta kundin kammala karatunsa na masta. Ya ce ya ga taswirorin da ake yi wa dajin mangurob, wato itatuwan da ke tsira cikin ruwan gishiri, na gaɓar tekun Sanagal da kudancin Najeriya, inda ake nuna da launi wurin da daji ya mutu da wurin da ya farfaɗo, duk daga hotunan tauraron ɗan'adam. Yana son ya san yadda ake aikin, kuma ko zai yiwu a yi irinsa a tabkunanmu kamar na Tabalak da Ɗan Dutsi, tunda mu ba mu da teku, ga kuma masunta na kukan ciyawa tana cinye musu ruwa.

Ƙanena, zai yiwu, kuma hotuna da manhajojin da za ka buƙata duk kyauta ne a yau. Sai dai tun daga farko ka riƙe abu guda. Fitar da taswira mai launi ba shi ne aikin ba, wannan cikin ƴan kwanaki za ka iya shi. Aikin shi ne ka tabbatar cewa bambancin da ka gani tsakanin hoton bana da na shekaru ashirin da suka wuce canjin tsirrai ne na gaskiya, ba bambancin tsayin ruwa ba ne a ranakun da aka ɗauki hotunan biyu. Masu aikin bakin teku sun riga mu shan wannan wahala, shi ya sa karanta su zai amfane ka ko da ba ka taɓa ganin teku ba.

Mu fara da abin da na'urar ke gani. Tana auna yawan hasken rana da ƙasa ta maido sama ne, kashi-kashi. Ganye mai rai yana shanye jan haske domin da shi yake haɗa abincinsa, amma akwai wani haske da ke gaba da ja, wanda idon mutum ba ya gani, ana ce masa infirared na kusa. Shi wannan, ganye watso shi yake yi da ƙarfi. Ruwa kuwa haɗiye shi yake yi kusan duka. Daga nan aka samo ma'aunin da za ka ji ana ta ambata, NDVI: a cire jan haske daga infirared, a raba da jimillar su biyun. Sakamakon yana tsakanin -1 da +1. Ruwa tsantsa yana faɗawa ƙasa da sifiri, rairayi da fako suna ɗan sama da sifiri, tsiro mai duhu yana haura 0.5. Akwai ɗan'uwansa na ruwa, MNDWI, mai gwada koren haske da infirared na tsakiya, shi ne ke shata maka iyakar ruwan fili.

Kafin ka shiga lissafi, ka saba da kallon hoton da idonka. Buɗe hoton tauraron Turai Sentinel-2 na watan Janairu, ka ɗora infirared na kusa a gurbin ja. Tsakiyar tabki zai fito baƙi-baƙi in ruwan ya kwanta, in kuma laka ta dama shi sai ya yi shuɗi mai haske. Kewaye da shi za ka ga zobe ja wur, tsirran da ƙafarsu ke cikin ruwa ke nan. Bayan zoben sai ƙananan murabba'ai ja-ja a jere, garake ne na albasa da tumatir, daga nan sai farin tudu. Inda kori ke zubowa za ka ga farin harshen rairayi ya kutsa cikin ruwan. Wanda bai iya karanta wannan da ido ba, kwamfuta za ta ba shi taswirar ƙarya ya karɓa hannu bibbiyu.

Mangurob, wato itatuwan nan da ke tsaye cikin ruwan gishiri da saiwoyinsu a waje, suna da daɗin aiki saboda dalilai uku da tsirranmu ba su da su. Ba sa zubar da ganye, don haka a yankin Salum na Sanagal, in rani ya yi komai ya bushe, su kaɗai ke rage kore. Suna tsaye kan jiƙaƙƙiyar laka, wadda ke sa su yi duhu a infirared na tsakiya fiye da dajin tudu. Kuma ba sa fita daga inda ruwan teku ke kaiwa, saboda haka da taswirar tsayin ƙasa ana iya ware duk inda ba za su taɓa tsira ba. Da wannan ne shirin Global Mangrove Watch ya haɗa radar na taurarin Japan da hotunan taurarin Amurka na Landsat ya fitar da taswirar duniya daga 1996 zuwa 2020. Ya samu kimanin murabba'in kilomita 147,000 a 2020, da raguwar kashi 3.4 cikin 100 a tsawon waɗannan shekaru. A Afirka, Najeriya ce ke da kaso mafi girma.

Duk da wannan sauƙi, teku yana cika yana janyewa kusan sau biyu a yini, tauraro kuwa yana wucewa da hantsi ba ruwansa da ko ruwa ya hau ko ya sauka. Hoton da aka ɗauka ruwa a cike yana binne ƙananan itatuwa da sabon dashe, ya nuna daji ya ragu. Wanda aka ɗauka ruwa ya janye yana tona laka mai gansakuka, ta yi kore kamar daji ya ƙaru. Don haka masu aikin kirki a can ba sa gwada hotuna biyu sai sun duba tsayin ruwan teku na sa'ar da aka ɗauke su, ko kuma su tara duk hotunan shekara su ɗauki tsaka-tsakinsu. To mu abin da teku ke yi a sa'o'i shida, tabkinmu a wata shida yake yin sa, kuma girmansa na bana ba na baɗi ba ne. Wanda ya gwada hoton Oktoba na shekarar ruwa da hoton Afirilu na shekarar fari ya ce tabki ya mutu, daidai yake da wanda ya leƙa rumbu da kaka, ya sake leƙa shi da bazarar wata shekara, ya ce an daina noma a garin.

A Yamai abin ya fi rikitarwa, domin kogin Isa sau biyu yake cika. Akwai jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda Sirba da Dargol da Goruwal ke kawowa daga ɓangaren Burkina Faso, shi ne ya yi ambaliyar da ba a taɓa auna irinta ba a Satumban 2020. Akwai kuma ruwan Gini, wanda ke ratsowa ta fadamun Mali ya iso mana cikin hunturu, wajen Janairu. Kogin nan kuma shi ne ya tsaya cik a Yamai a 1985. Duk wanda zai auna burgu, ciyawar ruwan nan da dabbobi ke ci, ko tsirran tsibirai a wannan kogi ba tare da ya ajiye ma'aunin tsayin ruwa na ranar kusa da hotonsa ba, iska yake aunawa.

Darasi na biyu daga bakin teku ya fi damuna, domin shi ne ke shiga rahotanni ya ɓatar da masu yanke shawara: ƙaruwar kore ba lallai alheri ba ce. A 1906 aka kawo wani kwakwan ruwa daga Asiya, nipa, aka dasa a Kalaba. Yau ya bazu a gaɓar tekun Najeriya da Kamaru, yana maye gurbin mangurob a inda aka sare shi ko ya mutu. A ma'aunin NDVI wurin kore ne shar, amma ba dajin da ke can da ba ne, kuma masu kamun kifi da kaguwa sun san bambancin. A bakin kogin Sanagal kuma, tun da aka gama madatsar Diyama a 1986 ruwan gishiri ya daina hawowa, ruwan daɗi ya tsaya wuri ɗaya shekara zagaye, sai kacalla, doguwar ciyawar ruwa mai kara, ta mamaye dubban hektoci, ta toshe hanyoyin ban ruwa da mashayar dabbobi. Ita ce kuma ta addabi fadamun Haɗeja da Nguru. Daga sama duk wannan ci gaban tsirrai ne. Idan kundinka ya tsaya a kan cewa NDVI na tabki ya ƙaru, ba ka faɗi komai ba tukuna, domin burgu da makiyayi ke nema da kacallar da masunci ke tsinewa launi ɗaya suke da shi a hoton rana guda.

Abin da ke raba su shi ne lokaci, kuma a nan nake so ka zuba ƙarfinka. Kowane tsiro yana da tafiyarsa a cikin shekara. Kacalla tana da saiwa mai rarrafe a cikin laka, tana nan a wurinta, tana riƙe korenta har cikin rani muddin ƙasanta da danshi, sannan tsofaffin karanta su bushe su yi fari-fari. In an sa mata wuta za ka ga baƙin tabo, bayan ƴan makonni ya koma ja. Burgu yana bin ruwa ne, ya hau tare da shi, sannan korensa ya faɗi da sauri in an fara yanka ko shanu sun shiga. Bado ganyensa a shimfiɗe yake kan ruwa da ratsin ruwa a tsakani, don haka jansa ba ya kai na kacalla, kuma yana ɓacewa in wurin ya ƙafe. Kainuwa, musamman mai furen nan ruwan shuni da asalinta Kudancin Amurka wadda ta shiga kogin Isa, ba ta da mazauni: hoton yau tana gabas, na bayan kwana biyar iska ta tura ta yamma. Bagaruwa da giyayya na bakin fadama ba sa motsi, shekara da shekaru. Garake kuwa daga Nuwamba ko Disamba suke fara kore, su kai ƙarshe wajen Maris, ga kuma siffarsu mai kusurwa. Idan ka jera hotunan wata-wata na shekara guda ka zana layin NDVI na kowane wuri, za ka ga kowane tsiro da nasa layin. Wannan layi shi za ka ba kwamfuta ta koya, ba hoton rana ɗaya ba.

Taurarin da za su ba ka wannan ba su da yawa. Landsat na Amurka ya fara a 1972, amma hotuna masu fiksel (ƙananan murabba'an da ke haɗa hoto) na mita 30 daga Landsat 5 da aka harba a 1984 suka yawaita. Landsat 7 na 1999 ya samu matsala a 2003, hotunansa na bayan nan suna da ratsin da babu komai a ciki. Landsat 8 ya zo a 2013, na 9 a 2021, kowane yana dawowa kan wuri bayan kwana 16. Tun 2008 aka buɗe taskar kyauta. Sentinel-2 na Turai ya fara a 2015, aka ƙara na biyu a 2017, yana ba da fiksel na mita 10 kowane kwana biyar. MODIS kullum yake wucewa amma fiksel ɗinsa mita 250 ne, ya dace da Tabkin Cadi, bai dace da tabkin ƙauye ba.

Ka yi wannan lissafi da kanka. Fiksel ɗin Landsat murabba'in mita 900 ne, wato kusan 11 a hekta guda. Na Sentinel-2 kuwa 100 a hekta. Zoben kacalla mai faɗin mita 15 a bakin tabki ba zai cika fiksel ɗin Landsat ko ɗaya ba, kowane fiksel zai zama gaurayen ruwa da ciyawa da laka. Illar ita ce, idan ka auna 1990 da Landsat ka auna 2024 da Sentinel-2, za ka ga kacalla ta ƙaru ko da ba ta ƙaru ba, saboda kawai idon na biyun ya fi kaifi. Don dogon tarihi ka tsaya kan Landsat daga farko har ƙarshe. Sentinel-2 ka bar shi don taswirar yau da rarrabe tsirrai.

Akwai wani tarko da ya keɓanta da mu ƴan Sahel, ban cika ganin ɗalibai suna lura da shi ba. Hotuna masu kyau sun fara ne a 1984, ita ce kuwa shekarar da fari ya kai maƙura. Landsat na farko ma a cikin farin 1972 zuwa 1974 ya tashi. Duk abin da ka gwada da waɗannan shekaru zai fito kamar ƙasa ta farfaɗo. Tsofaffin garin kuma da shekarun ruwa na 1950 da 1960 suke gwadawa, su ce maka komai ya lalace. Kai da su duka kuna iya yin gaskiya, mafarin ne ya bambanta. Don ka leƙa bayan 1972 akwai hotunan jirgin sama da Faransawa suka ɗauka a shekarun 1950, ka tambaya a cibiyar taswira ta ƙasa, IGNN. Akwai kuma hotunan leƙen asiri na Corona da Amurka ta ɗauka daga 1960 zuwa 1972, ta sake su a 1995. Fari da baƙi ne, sai ka daidaita su da hannu, amma iyakar tabki da manyan itatuwa suna fita sarai. Ka kuma shirya wa giɓi: taskar Landsat ta Afirka ta Yamma tana da ƙarancin hotuna kafin 1999, wasu shekarun da ƙyar za ka samu ɗaya mai kyau.

Tabkin Cadi ya isa misali ga abin da na'ura ba ta gani. Kowa ya ga hotunan nan da ke nuna ya sauko daga kimanin murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma a tsakiyar shekarun 1980. Raguwar gaskiya ce. Amma waɗannan hotuna ruwan fili suke nunawa, alhali bayan farin 1973 babban ɓangaren tabkin ya koma fadama, ruwa a ƙarƙashin ciyawa da itatuwa. Masu binciken da suka auna zafin ƙasa daga sama, da waɗanda suka yi amfani da radar, sun tarar da ruwa mai yawa a inda hoton launi ya ce tudu ne. Haka zai faru a tabkinka: duk inda kacalla ta rufe, MNDWI zai ce babu ruwa. Taswirar ruwan duniya da cibiyar binciken Tarayyar Turai ta yi daga hotunan Landsat tun 1984, da ta Digital Earth Africa, duka suna da amfani don ka ga tarihin cika da ƙafewa, amma su ma ruwan fili suke ƙirgawa.

Nan ne radar ke shigowa. Sentinel-1, wanda aka fara harbawa a 2014, shi ke aika nasa sigina ya saurari abin da ya dawo, don haka hadari da dare ba sa hana shi aiki, abin da ya sa a Neja Delta, inda gajimare ba ya cika yayewa, ake yawan dogara da shi. Ruwa mai kwanciya yana kautar da siginar, sai ya fito baƙi. Kara da ke tsaye cikin ruwa kuwa sigina tana dukan ruwan ta doki karan ta dawo da ƙarfi, sai wurin ya yi haske fiye da ciyawar tudu. Amma a ƙasarmu ka yi hattara da abu biyu. Busasshen rairayi mai laushi shi ma baƙi yake fitowa, kamar ruwa. Iskar hunturu kuma in ta kaɗa tabki, sai ruwan ya yi haske kamar ƙasa. Ka riƙa ajiye radar kusa da hoton Sentinel-2 na makon. Shi ma hoton launi yana da nasa ciwon hunturu: hazo yana dusashe shi ya rage NDVI ko'ina, kuma matatar gajimare ba ta cika kama shi ba, sai ka duba kowane hoto da ido ka zubar da mai hazo.

Sai kuma zurfi, wanda babu ɗayansu da zai gaya maka a ruwanmu mai laka. Masana ruwa sun daɗe da lura cewa a Sahel, bayan shekarun fari, ruwan da ke gudu a doron ƙasa ya ƙaru ko da ruwan sama bai ƙaru ba, saboda an share daji ƙasa ta yi fako. Koramu suna kawo ruwa da yawa, suna kawo rairayi tare da shi. Tabki yana iya faɗaɗa a hoto alhali cikinsa na cikewa. Ruwa marar zurfi kuwa shi kacalla ke so, ba ta zama inda ya shanye tsayin mutum sosai. Saboda haka hoto na iya cewa tabki ya ƙaru, masunci ya ce tabki na mutuwa, kuma shi ne ya fi kusa da gaskiya. In ka ga haka kada ka ce mutane ba su sani ba. Ka bi farin harshen rairayin nan shekara bayan shekara ka auna yadda yake shiga.

Duk wannan yana kai ka ga kwalekwale. Ka fara da gaishe da maigari da sarkin ruwa, ka sanar da hukuma, musamman yadda tsaro yake a yanzu. Jirgi marar matuƙi kuwa kada ka tashe shi sai da izini a rubuce. Ka tafi a makon da tauraro zai wuce. A waya ka sa manhajar tattara bayanai irin KoboCollect. GPS na waya yana kuskuren mita biyar ko fiye, don haka kada ka ɗauki ɗigo a bakin ciyawa inda jirgi ya fi sauƙin tsayawa. Ka sa mai tuƙi ya kutsa cikin kacallar har ka ga ita kaɗai ce ta kewaye ka aƙalla mita 15 ta kowane gefe, karanta sun fi kanka tsawo, sauro na tashi. Nan za ka danna. Ka ɗauki hoto gabas, yamma, kudu da arewa. Ka tsoma gorar tuƙin da ka yi wa alama kowane santimita 10, ka rubuta zurfin da irin abin da ta taɓo, laka ko rairayi. Ka tambayi mai jirgin me ke wurin nan lokacin da yake yaro, ina suke zuba raga a da, wace shekara hanyar ta toshe. Shi ne kaɗai zai tabbatar maka da taswirarka ta 1990, domin ba za ka iya komawa can ka duba ba.

Ɗigogin da ka tara ka raba su biyu. Da kashi ɗaya za ka koyar da kwamfuta. Hanyar da ake kira Random Forest ta isa, tana cikin dandalin intanet na Google Earth Engine, wanda kuma zai hutar da kai sauke manyan hotuna a kan intanet ɗinmu, tunda a can ake lissafin, sakamakon kaɗai kake saukewa ka ƙarasa a manhajar taswira ta QGIS. Kashi na biyu ka ɓoye shi, kada kwamfuta ta gan shi, da shi za ka gwada taswirar. Ka nuna kuskuren kowane aji daban. Jimillar kashi 90 ba ta da ma'ana in ruwa da rairayi ne suka ɗaga ta, alhali rabin burgu an kira shi kacalla. Kuma kuskure yana ninkuwa: taswira biyu da kowace ta yi daidai kashi 85, in ka ɗora su don fitar da canji, abin da za ka dogara da shi yana iya saukowa kusan kashi 72. Canjin da bai wuce kuskurenka girma ba, kada ka rubuta shi a matsayin canji. Ka ba da hektocinka tare da tazarar ƙari ko ragi.

Taimako ba shi da nisa. Cibiyar AGRHYMET ta ƙungiyar yaƙi da fari a Sahel, CILSS, tana nan Yamai tun 1974, kuma tare da hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, sun fitar da taswirar amfani da ƙasa ta Afirka ta Yamma ta 1975 da 2000 da 2013. Ba za ta nuna maka zoben tabki ba, domin tazarar ɗigoginta kilomita 2 ce, amma za ta nuna maka yadda gonaki suka ci dajin da ke zuba ruwa cikinsa. Hukumar kogin Isa, ABN, hedikwatarta na nan, ga ma'aikatar hasashen yanayi ta ƙasa don ruwan sama na kowace shekara, ga malaman labarin ƙasa na Jami'ar Abdu Mumuni da na jami'arku ta Tawa. Tabalak da Ɗan Dutsi duka sun shiga jerin Ramsar, na tabkuna da fadamu masu muhimmanci a duniya, a 2005, bayan Nijar ta shiga yarjejeniyar a 1987 da gandun W, don haka kowane yana da takardar bayani da iyakar da aka shata masa. Ka nemo su, kada ka zana taka iyakar.

A ganina tabki ɗaya ya ishe ka, biyu za su raba maka hankali. Ka ɗauki hotunan Landsat na kowace shekara da aka samu, ba shekaru uku zaɓaɓɓu ba, a lokuta biyu: bayan damina sa'ad da ya cika, da kuma wajen Fabrairu ko Maris sa'ad da ciyawar tudu ta bushe. A ƙarƙashin layin hektocin kowane tsiro ka shimfiɗa layin ruwan saman shekarun, ka gwada shekarar ruwa da ta ruwa, ta fari da ta fari. Idan babu sandar auna ruwa a tabkin, ka kafa ɗaya a tafiyarka ta farko, a jikin dutse ko gada inda ba za ta gusa ba, ka samu wani a garin, malamin makaranta ko ɗaya daga masunta, ya riƙa turo maka hotonta ta WhatsApp kowane mako. Ka ware masa kuɗin kati a cikin kasafinka tun yanzu.